Rigar da ta dace da tsohuwar mota a Damargu

A ƙasar Damargu tsohuwar mota ba kayan kallo ba ce. Daga Tanut zuwa Belbeji, daga Gangara zuwa Bakin Birji, har yau za ka ga Land Rover da Toyota Land Cruiser waɗanda suka girmi direbobinsu suna jigilar buhunan hatsi da awaki ranar kasuwa. A wasu gidajen kuma akwai Peugeot 404 ko 504 da mahaifi ya bari, ƴaƴa suna riƙe da ita don tunawa da shi, ana fito da ita ranar salla ko ranar ɗaukar amarya. Kamfanin Peugeot ya fito da 404 a 1960, ya biyo da 504 a 1968. Da yawa cikin waɗanda suka iso Nijar ta hamada suka shigo, domin a shekarun 1970 da 1980 samarin Turai kan tuƙo su daga Faransa, su ratso Aljeriya ta Tamanrasset, su sauko Arlit da Agadas, su sayar, su koma gida a jirgi. Wasu kuma daga Kaduna suka fito, inda aka fara harhaɗa Peugeot a 1975. Motar da ta yi shekara arba'in ko hamsin tana wa gida hidima ta cancanci a nema mata sutura ta gari.

Matsalar ita ce yawancin rigunan mota da ake kawowa kasuwa an ɗinka su ne don ƙasashen ruwa da ƙanƙara. Abin da ake rubutawa da manyan baƙaƙe a jikin kwali shi ne ruwa ba ya ratsa ta, mai saye ya ji haka ya biya. To mu a Tanut ruwan shekara ba kasafai yake wuce milimita 300 ba, kuma cikin wata uku yake sauka ya ɗauke. Sauran watanni tara na rana ne da iska da yashi. Wanda ya zaɓi riga don tsoron ruwa ya bar manyan maƙiyan motarsa a waje, wani lokaci ma ya shigo da su ciki da kuɗinsa.

Bari mu fara da yashi, don shi ne ya fi ɓarna kuma shi aka fi rainawa. Ƙwayar yashi ta fi gilashin mota tauri, ta fi ƙarfen jikinta tauri, balle fenti. Idan ƙwayoyin nan suka shiga tsakanin riga da jikin mota, iska ta kama kaɗa rigar dare da rana, aikin da mai wanke-wanke ke yi wa gindin tukunya da yashi shi ake yi wa motarka. Ka je ka duba motar da ta kwana biyu ƙarƙashin tampol mai faɗi. Tsakiyar ƙofofi lafiya lau, amma gefen rufi, da kusurwoyin murfin inji, da saman madubai, da kafaɗun baya duk sun yi fari. Ka shafa da yatsa za ka ji kaushi, a wani wurin ma launin ya cinye har ruwan tokan da ke ƙarƙashinsa ya leƙo. Mai motar zai ce rana ce. Ba rana ba ce, rigarsa ce ta yi masa wannan aiki.

Tsofaffin motoci sun fi na zamani rauni a nan. Motar yau ana fesa mata launi, sannan a bi da wani ruwan sheƙi a sama wanda yake karɓar karce. Yawancin motocin wancan zamani launi ne kawai, ba komai a kansa, kuma shekaru sun riga sun side shi. Gwajin mai sauƙi ne: ka jiƙa farin ƙyalle, ka goga a wurin da ido ba ya kaiwa, kamar ƙasan ƙofa. In launin motar ya biyo ƙyallen, ka san fentinka tsirara yake, duk abin da ya goge shi sai ya tafi da wani abu daga jikinsa.

Wani sojan Ingila mai suna Ralph Bagnold, wanda ya daɗe yana ratsa hamadar Masar da Libiya da mota, ya wallafa littafi a 1941 a kan yadda iska ke tafiyar da yashi. Ya nuna cewa yashi ba tashi sama yake ba, tsalle-tsalle yake yi kusa da ƙasa, galibinsa ba ya wuce gwiwa ko ƙugun mutum. Kowane manomin Damargu ya san haka a jikinsa, tun da ya ga yadda iskar farkon damina ke yanke shuka tana ƙarama. Ƙura kuwa dabam take. Hazon hunturu da ke rufe mana rana daga Nuwamba zuwa Fabrairu gari ne mai laushi, yawancinsa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi yake tasowa, yana yawo a sama, yana shiga kowace kafa. Abin da wannan ke koya wa mai mota shi ne yashi da shinge ake tare shi, ƙura da rana su ne aikin riga.

Shi ya sa nake cewa kafin ka kashe ko dala a kan riga, ka fara kafa rumfa. Ginshiƙai shida, rufin kwano ko na zana, sannan dangar zanar gamba ko ta karan hatsi ta ɓangaren gabas da arewa, inda iskar hunturu ke fitowa kuma inda hadarin damina ke tasowa da guguwarsa. Dangar da ta kai ƙirji ta wadatar. Motar da ke cikin irin wannan rumfa, ko da tsohon zanen gado aka lulluɓe ta, ta fi wadda ke tsakar fili sanye da riga mai tsada samun lafiya. Inuwar itace ba ta maye gurbin rumfa. Ƙarƙashin dogon yaro akwai ƴaƴan da ke faɗowa su fashe da kashin tsuntsaye mai cin fenti, ƙarƙashin bagaruwa da ƙandili akwai ƙaro da ƙaya.

Yanzu sai yadin kansa. Abin da ya fi araha kuma ya fi yawa shi ne shuɗiyar leda mai saƙar buhu. Ka bar ta ga shanyar hatsi. Saƙarta na da kaushi, ba ta numfashi, kuma bazara ɗaya ta ishe ta ta fara marmashewa. Na biyu shi ne tampol ɗin manyan motoci, mai kauri, mai santsin roba. Wannan yana da ƙarko ƙwarai, amma yana da nauyi, sai an ja shi a kan mota kafin ya zauna, kuma cikin zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura 40 a inuwa, yakan yi laushi ya manne wa fenti ya bar tabo. Wurinsa rufin rumfa ne, ko bayan bashe, wato a-kori-kura, a kan ƙarafunta inda ba ya taɓa fenti. Can ɗin ba abin da ya fi shi.

Yadin tanti na auduga yana numfashi, rana ba ta saurin cin sa, kuma telolinmu sun saba da shi. Aibinsa uku: yana shan ƙura ya riƙe, yana shan ruwa ya daɗe bai bushe ba, kuma gara na son sa. A cikin rumfa yana da kyau matuƙar bai taɓa ƙasa ba. Akwai kuma wani irin yadi mai laushi wanda ba saƙa shi aka yi ba, matse shi aka yi hawa uku ko huɗu, irin na jakunkunan sayayya. A hannu yana da daɗi kuma yana numfashi, amma ranar Damargu ba ta raga masa. Wata rana za ka ɗaga shi ya yage a hannunka, ya bar farin gari a kan mota. Shi ma na cikin ɗaki ne.

Ga motar da dole ta kwana a fili, abin da na fi yarda da shi saƙaƙƙen yadin foliyesta ne mai launin azurfa ko fari a waje. A jikin kwalin za ka ga lamba da harafin D, kamar 150D, 300D ko 600D. Kaurin zaren ke nan, kuma ƙasa da 300D ba ya jure iskarmu. Wanda aka rubuta wa 190T siriri ne irin na lema, kada sheƙinsa ya ruɗe ka. Wanda ke da hali, akwai yadin akirilik da ake rina zarensa tun kafin saƙa, irin na Sunbrella da ake yin rumfunan jiragen ruwa da shi, wanda ya fi sauran jure rana nesa ba kusa ba. Akwai kuma Tyvek na kamfanin DuPont, fari ne mara nauyi, ƙura ba ta ratsa shi amma tururi na fita, sai dai rashin nauyinsa na sa iska ta yi wasa da shi in ba a ɗaure shi sosai ba. Baƙi da shuɗi mai duhu kuwa ka ƙyale su ko a kyauta, domin zafin da suke tarawa shi ke fasa robar gaban direba, ya busar da robobin ƙofa da na gilashi, waɗanda samun na 404 a yau sai an sha yawo.

Kada ka dogara da rubutun kwali. Ko a kasuwar Dole ta Damagaram ka je, ko Kantin Kwari a Kano, ka gwada yadin da kanka a gaban mai shi. Ka ɗaga shi ga rana, in kana ganin ɗigo-ɗigon haske da yawa ƙura za ta bi nan. Ka shafa cikinsa a kumatunka, abin da ya karce kumatu zai karce fenti. Ka jiƙa farin ƙyalle ka goga cikin, in ya zubar da launi zai rina maka mota da ruwan farko. Ka kama ɗinkin da hannu biyu ka ja, ka ga ko zaren na buɗewa. Gwajin numfashi kuma mai shayi ne zai taimake ka. Ka karɓi kofin shayi mai zafi, ka rufe bakinsa da yadin, ka kifa busasshen kofin gilashi a sama, ka ɗan jira. In kofin sama ya yi gumi, tururi na ratsa yadin, ka saya. In ya zauna garau, leda ce aka yi wa ado. Sannan ka ɗiga ruwa a bayan yadin, ya kamata ya dunƙule ya gangara. Yadin da ya ci waɗannan biyun, ya hana ɗigon ruwa shiga ya bar tururi ya fita, shi muke nema.

Game da shafin ciki ina da ra'ayin da ya saɓa wa na masu sayarwa. Suna yabon riga mai gashi-gashi a ciki, wai ta fi laushi. A ƙasar da ba yashi gaskiyarsu ne. A nan gashin nan tarkon yashi ne, kuma ƙarangiya ɗaya in ta maƙale a ciki ba ta fita sai da almakashi. Gara ka raba aikin gida biyu: ƴar ciki ta alawayyo ko akoko da aka wanke har ya yi laushi, wadda za ka iya cirewa ka kakkaɓe ka wanke duk lokacin da ka so, sannan babbar riga a samanta. Kuɗin ƴar cikin bai taka kara ya karya ba, kuma ita ce ke taɓa fentin.

Ba a nan gizo ke saƙa ba, a wajen girma yake. Rigunan kanti ana yin su ne da kintace, ƙarama da matsakaiciya da babba, bisa siffar motocin yau masu zagayayyun kafaɗu. Peugeot 504 mai ƙofa huɗu tsawonta mita 4.49 ne, doguwarta ta iyali mita 4.80, 404 kuma mita 4.44. Land Rover 109 tsawonta kusan ɗaya ne da na 404, amma tsayinta ya kai kimanin mita 2, ga ta da kusurwoyi masu kaifi. Waɗannan ma awon ranar da suka fito daga masana'anta ne. Motocinmu an ƙara musu ƙarfen ɗaukar kaya a rufi, an sa ƙarfen kariya a gaba, an ɗora taya a kan murfin inji, an ƙara ganyen sifirin don su ɗaga. Babu rigar kanti da ta san da wannan. Mafi alheri ka sayi yadi, ka kai motar wurin masu ɗinkin kujerun mota da tanti a Damagaram, ko ka ɗauko telan ya zo gida.

Tela na gari ba ya auna mota da igiya ya tafi. Zai shimfiɗa yadin a kanta da baibai, ya bi layin rufi da na gilashi da alli, ya kama da allurai, ya yanka gida uku: tsakiya ɗaya daga hanci zuwa wutsiya, da gefe biyu. Ka tsaya a kansa ka faɗi abin da kake so, cikin girmamawa. Ka ce, "Malam, don Allah a yi wa madubai aljihu, kuma kada ɗinki ya hau kan kusurwa." Ka roƙe shi ya ninka yadi a duk inda ƙarfe ke da kaifi, ya juya bakin ɗinkin waje, ya yi amfani da zaren foliyesta mai kauri, don zaren auduga shi ke fara mutuwa a rana, riga ta rabu gida-gida alhali yadin na da sauran rai. In ya ce, "Alhaji, bari in sakar maka ita kaɗan don sauƙin sawa," ka ce a'a. Abin da ya wuce faɗin yatsu uku tsakanin riga da jiki wuri ne ka ba iska. Ya buɗe ƴan tagogi biyu masu marfi kusa da rufi, baki na kallon ƙasa, don zafi da warin fetur su sami hanyar fita, tun da motocin kafireta ba sa rabuwa da ɗan tururin mai.

Bakin rigar ya sauka ya rufe rabin taya, ya tsaya kamar taƙi ɗaya sama da ƙasa. In ya ja ƙasa ka shimfiɗa wa gara da kunama da ɓera tsani. Robar da ake sa wa bakin riga ba ta shekara a zafinmu, don haka a yi zariya, a zura igiya. Zoben ƙarfe a bakin riga yana bugun fenti, a ɗinka kunnuwan yadi a maimakonsa. Ɗauri uku ne ta ƙarƙashin ciki: ɗaya bayan tayoyin gaba, ɗaya a tsakiya, ɗaya gaban tayoyin baya. Robar cikin tsohuwar taya da aka yanka siri-siri ta fi kowace igiya a nan, tana ba da kai in iska ta ja, ta kuma dawo. Kada a ɗaura igiya ta saman mota, kada kuma a danne da duwatsu ko bulo a kan rufi. Ka ajiye motar hancinta na kallon inda iska ke fitowa.

Duk wannan a banza ne in za a sa riga a kan mota mai ƙura. Na san ruwa a Tanut ba abin wasa ba ne, musamman a bazara da mutane da dabbobi ke layi a bakin rijiya, ba zan ce wa kowa ya yi ta kwarara shi a kan ƙarfe ba. Bokiti biyu sun isa. Na farko ka riƙa zubawa da moɗa daga rufi zuwa ƙasa ba tare da ka taɓa jikin ba, ruwan ya tafi da yashin. Na biyu ka tsoma tsumma mai laushi, ka ja sau ɗaya ta fuska guda, ka ɗauraye, ka sake. Busasshen tsumman da yara ke goge mota da shi kowace safiya don nuna ladabi ya kashe fenti fiye da rana, a yi musu bayani da lalama su daina. Ranar da ba ruwa, ka bar motar a rumfa ba riga. Ƙurar da ke kwance ba ta karce, sai an goga ta.

Ka bari inji da bututun hayaƙi su huce kafin ka rufe, don foliyesta narkewa yake. Ka sauke eriya. Sawa da cirewa aikin mutum biyu ne: a naɗe gefuna zuwa saman rufi, a naɗo daga gaba da baya zuwa tsakiya, a ɗauke cak, a sa cikin buhu mai tsabta, a rataye. Cikin rigar kada ya taɓa ƙasa ko sau ɗaya. In motar sabon fenti aka yi mata, ka ba ta wata biyu ko uku ba riga, fentin ya gama bushewa har ciki.

Da damina lissafi na canzawa. In an yi ruwa, da gari ya waye ka cire rigar ka shanya, ka buɗe ƙofofi, ka ɗaga tabarmar ƙasa. Peugeot na wancan zamani tsatsa na kama su a ƙasan ƙofofi da ƙarƙashin ƙafar direba da gindin gilashi. Land Rover jikinta alminiyam ne, ba ya tsatsa, shi ke sa masu ita sakaci, alhali ƙashin bayanta da bangon da ke tsakanin inji da direba ƙarfe ne. In ka hango jan hadari ya taso daga gabas kuma ba ka amince da ɗaurinka ba, ka cire rigar tun da wuri. Wankan ruwan sama bai taɓa kashe mota ba, amma rigar da guguwa ta yi rabin sa'a tana bulala da ita na iya cinye fentin gefe guda.

Motar da za ta daɗe a ajiye, a cire mata kan batir, a share duk ƙwayar hatsi da ta zube a ciki don ɓera, a nisanta ta da murhu da jarkokin fetur, a kuma tsare ta daga awaki, waɗanda ke hawa kan murfin inji su tauna bakin riga. Kowane mako a ɗaga rigar a leƙa, a tada inji, in da hali a ɗan zagaya da ita.

Mai karatu, in kuɗinka na abu ɗaya ne, ka kafa rumfa da danga. In ya kai na biyu, ka ɗinka ƴar ciki ta alawayyo. In ya kai na uku, ka sayi foliyesta mai haske wanda bai gaza 300D ba, ka kai wa tela ya yanka shi a jikin motarka. Shuɗiyar leda kuwa, don Allah ka cire ta daga kan motar mahaifinka tun yau.